Famfon Iska na Mushe Lawali

Mu uku ne a duk faɗin Tawa masu ciwon ƙera ƙananan injina, irin waɗanda za ka ɗora a kan faifai amma su yi aiki kamar manya. Mutane suna ce mana masu wasan yara, mu kuma muna ce musu jahilai. Wannan wasan yaran ne ya rufe wa mutanen Tungar Mumuni rijiyarsu kwana ashirin da uku a tsakiyar bazarar da ta biyo bayan farin tamanin da huɗu, kuma ita kaɗai ce rijiyarsu.

Ni ne Baƙo, mutumin Maraɗi, mai walda a bayan tashar mota. In za a faɗi gaskiya, a cikinmu ukun ni kaɗai na san ƙarfe. Sauran biyun ma'aikatan gwamnati ne da aka jefo Adar, kaɗaici ya koya musu riƙe magagari. Majo Isufu, ma'aikacin lafiya, bai taɓa gama ko abu ɗaya ba. Amfaninsa kawai shi ne yana kawo mana sirinjin gilashi da aka daina aiki da su, da guntayen tiyon ƙarin ruwa. Na ukun shi ne Mushe Lawali, ɗan Damagaram, malamin lakwal, wato makarantar boko, a garin Kalfu, Mushe kuwa haka ake kiran malaman boko da Faransanci.

Kowace Alhamis, ranar da ba a lakwal, tun daga nesa za ka ji mobilet ɗinsa, 'yar ƙaramar mashin, tana tari. Ya sauko da farar riga, fensir a bayan kunne, wani tsohon littafin Faransanci mai zane-zane a hammata. Ya zauna a bencina, ya ari kayan aikina, ya sha shayina, sannan ya shiga koya mini sana'ar da nake ci da ita tun kafin ya iya ɗaura wando. Komai sai ya auna. Ko ƙusa zai lanƙwasa, sai ya ɗauko ma'auni ya rubuta lamba a takarda.

"Baƙo, hannunka yana da kyau," haka yakan ce mini. "Abin da ka rasa shi ne tewori, ilimin littafi."

Shekara biyu ina haɗiye wannan tewori tare da shayi, ina murmushi, don mai albashi ne kuma yana da abokai a biro, wato ofisoshin gwamnati.

A shekarar nan mutanen arewa sun cika gefen gari, sun kafa 'yan bukkoki na tabarma da tsumma, suna jiran rabon jar dawa. Shanu sun ƙare, awaki suna cin kwali. Mu kuwa masu ƙere-ƙere fari bai yi mana rowa ba, domin man taimako a gwangwani yake zuwa, gwangwanin kuma mai laushi ne, yana jin almakashi. Sai ga sanarwa daga samariya, ƙungiyar matasa ta gwamnati, cewa za a yi gasar ƙere-ƙere a bikin matasa, wanda ya zo na ɗaya a ba shi keke da takardar yabo. Ba ruwana da keken. Ni dai so nake a kira sunana kafin na Mushe, gaban jama'a, ko sau ɗaya.

Wata takwas na yi ina ƙera injin niƙa mai aiki da tururi. Tukunyarsa gwangwanin tumatir ce, wutarsa lagwanin fitila, bututunsa na yanko daga famfon keke na tagulla. Duwatsun niƙan guda biyu da hannuna na ɗauko su a kan tudun hanyar Takanamat, na goge su har suka zama kamar ƙwai. Ka zuba masa gero cokali ɗaya, ya ba ka gari cokali ɗaya, mai laushin da za a dama wa jinjiri.

Mushe shi kuma famfon iska ya yi. Hasumiyarsa da wayar ƙafar keke, fukafukansa da gwangwanin mai, sirinji ɗaya a gindi yana tsotso ruwa ta tiyo daga wani gwangwanin madara da ya sa wa suna rijiya. Ya yi wa rijiyar murfi mai huda ɗaya don kada ruwan ya zube a hanyar Kalfu. Ya ɗora ɗan tanki a kan hasumiyar, ya sa kwami ɗan ƙarami, ya jera masa shanun laka, ya shafe komai da fentin tuta. Rabin haɗin ma ni na liƙa masa da darma, don shi in ya riƙe ƙarfen liƙi yatsunsa yake gasawa.

Ranar gasa aka jera mu cikin rumfa. Babban alƙali wani kapitan ne da ya zo daga Yamai, matashi, da baƙin tabarau da 'yar sanda a hammata. Bayansa jelar daraktoci ce, kowa ya kafa wa bakinsa ido, ya ga ko lokacin dariya ya yi. Da suka iso teburina na kunna lagwani, tukunya ta yi zafi, injin ya ɗauka, tuk-tuk-tuk, gari ya fara zuba a kan farar takarda. Jama'a suka matso har suna ture igiya. Kapitan ya dangwali garin da ɗan yatsa, ya duba, ya kakkaɓe.

"Me zai niƙa?" in ji shi. "Akwai gero a ƙasar nan?"

Jela ta kwashe da dariya. Wani darakta mai tumbi har da riƙe ciki, shi da ko dawar taimako bai taɓa sanin ɗanɗanonta ba. Suka wuce, injina yana ta niƙa wa iska.

A teburin Mushe kuwa iskar ce babu, don rumfar a rufe take. Sai daraktan nan mai tumbi ya cire hularsa ya shiga fifita, wani ya kama masa da fayil. Fukafukan suka juya, sirinji ya yi sama ya yi ƙasa, ruwa ya ɗiga cikin kwami tsakanin shanun laka. Kapitan ya cire tabarau.

"Wala! Abin da ƙasa ke so ke nan. Mushe, sau nawa za a ninka shi ya zama na gaske?"

Mushe ya zaro fensir daga bayan kunne, ya yi ɗan rubutu a tafin hannu. "Sau ashirin, mon kapitan."

"Bo. Akwai wani ƙauye gaba da Tebaram, sun ishe mu da kukan wahalar ruwa. Sati uku na ba ka. Ka yi musu irin wannan daidai wa daida, kada ka canza ko ƙusa. Ni da kaina zan zo in buɗe."

A zamanin nan ba a ce wa kaki a'a, wannan kowa ya sani. Amma Mushe ba tsoro ne ya hana shi magana ba, daɗi ne. Bakinsa har kunne, ya sara wa kapitan kamar shi ma soja ne.

To ga abin da na sani a lokacin, ina tsaye da garina a takarda. Kafin in zo Tawa na yi shekara uku ina gyaran famfuna a lambunan albasa na Galmi. Famfon da ke zaune a bakin rijiya yana tsotso ba ya jawo ruwan da ya wuce zurfin gaba huɗu, ko injin babbar mota ka ɗaura masa. In ruwa ya yi nisa, dole a saukar da tulun famfon can ƙasa cikin ruwan, a sa masa doguwar sanda, ya riƙa turowa sama. Rijiyoyin arewacin Adar kuwa gaba talatin ne, wasu har fiye. Gwangwanin madarar Mushe zurfinsa taƙi ɗaya ne, shi ya sa abin ya yi masa biyayya. Duk wani mai gyaran famfo da bai taɓa taka ƙofar lakwal ba ya san wannan. Na buɗe baki, sai na tuna da tewori, na rufe. So nake in ga ranar da zai tsaya gaban kapitan da busasshen tiyo a hannu. Ban yi tunanin kowa ba sai shi.

Washegari aka aiko mini da takarda, wai an ɗauke ni aikin ƙasa, ni zan yi waldar. Kwana goma sha biyu Mushe yana tsaye a kaina da ƙaramin famfon a hannu ɗaya, ma'auni a ɗayan. Ya auna fiffike, ya ninka sau ashirin, in yanko daga gangar mai. Ya auna sirinji, ya ninka sau ashirin, in yanko daga bututun ƙarfe in sa masa fatar shanu a ciki. Har wani lanƙwasa da wayar keke ta yi saboda kuskuren hannunsa, sai da ya sa na lanƙwasa babban ƙarfe haka nan. Ban taɓa yi masa aiki da zuciya ɗaya irin wannan ba. Duk abin da ya ce, in ce to, Mushe.

Motar soja ta kwashe mu da kayan zuwa Tungar Mumuni. Gari ne na bukkoki kamar talatin, rabi babu kowa ciki. Rijiyar tana tsakiyar wani fili da kofato ya niƙe. A bakinta gwafa biyu, a kansu takarkart, wato gungumen nan mai juyawa da igiya ke bi ta kai. Daga nan wata doguwar hanya ta miƙe, wadda sa ke bi yana jan guga, har ƙafarsa ta haƙa ta ta zama kwari.

Mai wannan san shi ne Alƙasum, dattijo dogo, siriri, mai maganar ƙasa-ƙasa. Kafin fari shanunsa arba'in ne. Muka same shi da saniya biyar da jan san nan guda, wanda ake ba dusa kafin mutanen gida su ci, domin duk garin a wuyansa suke sha. A gidansa aka sauke mu. Matarsa Kadidiya ta dama mana furar jar dawa, tsararo, tana ba da haƙuri wai ba nono.

Rigima ta tashi a kan murfi. Ƙaramin famfo yana da murfi mai huda ɗaya, saboda haka babban ma sai an zuba wa bakin rijiya siminti gaba ɗaya, a bar hudar tiyo kawai, hasumiya ta zauna a kai. Alƙasum ya daɗe yana kallon katakan da ake shimfiɗawa da rodi, sannan ya matso.

"Mushe, Allah shi ba ka nasara, a bar muna 'yar ƙohwa ta guga mana. Ko da wata rana abin ga ya gaji."

"Baba, inji ba ya gajiya," in ji Mushe, da muryar da yake yi wa 'yan aji. "Kapitan ya ce kada a canza ko ƙusa. Kuma guga ƙazanta ce, ita ke kawo muku ciwon ciki. Zamaninta ya wuce."

Alƙasum ya bar shi a nan. Ya zagayo inda nake tsugune ina ɗaure rodi, ya tsuguna kusa da ni, ya rage murya.

"Maƙeri, kai ka san ƙarhe. In tambaye ka don Allah. Abin ga, shina jan ruwa?"

Ban ɗago ba. Na ce, "Mushe ya ce shina ja."

Ya gyaɗa kai, ya tashi. Ranar nan jan san bai huta ba, aka cika tuluna da randuna da salkuna da duk abin da zai riƙe ruwa, aka ɗebi na kwaɓa siminti. Sannan aka tumɓuke gwafannin, Alƙasum ya ɗauki takarkart a kafaɗa ya kai bukkarsa, muka rufe rijiya.

Kwana huɗu siminti yana bushewa. A na biyar muka ɗora hasumiya da tanki. A na shida, da hantsi, iskar Adar ta taso irin wadda ke ɗage rufin bukka, Mushe ya kwance birki. Fukafukan suka juya lafiya lau, ba kaɗawa ba ƙara, don waldata ce. Tulun famfon ya shiga aiki yana numfashi kamar tsoho mai tarin fuka. Mutane suka kewaye bakin tiyo da ƙwarya a hannu. Aka yi sa'a guda, aka yi biyu. Ko danshi.

Mushe ya ce ai sai an jiƙa fatar. Ya karɓi tulun Kadidiya ya juye a ciki, ruwan ya tafi. Ya karɓi na maƙwabciyarta, shi ma ya tafi. Ya zauna a inuwar mota ya buɗe littafi, yana juya shafi, farar rigar ta manne masa a baya. Wannan ce ranar da nake jira. Na tako a hankali na tsaya a kansa.

"Mushe, zurhin rijiyar ga gaba nawa na?"

"Talatin da biyu. Me ya kawo wannan?"

"Hwamhon da ke bisa ba shi tsotso abin da ya wuce gaba huɗu. Ko za ka ninka shi sau dubu."

Ya dube ni, ya koma littafin, ya yi ta juyawa har ya tsaya a wani shafi can wajen ƙarshe. Ashe maganar tana ciki. Na ga leɓensa yana motsi yana karantawa, na ga fuskarsa ta yi toka.

"Tun yaushe ka sani, Baƙo?"

"Tun ranar gasa. Amma ni wane ni, ba ni da tewori."

Daɗin maganar nan bai kai tsawon kurɓi ɗaya na shayi ba. Da na juya sai na ga Kadidiya tana leƙa cikin tulunta, ta kife shi a kan ƙwarya ko ɗan saura zai ɗigo.

Zan yi wa Mushe adalci a nan: ya miƙe ya ce a kawo guduma a fasa murfin yanzu-yanzu. Amma kafin in kai ga akwatin kayana sai ga motoci biyu, masu share fage sun iso da tutoci da farar ƙasa da wani allon ƙarfe mai rubutu. Shugabansu wani sakatare ne, gajere, mai jaka a hammata, irin mutanen nan da aka haifa da hatimi a hannu. Ya saurari Mushe har ƙarshe ba tare da ya ƙifta ido ba.

"Kapitan zai zo gobe," ya ce. "Gobe ruwa zai zuba."

"Ba zai iya zuba ba, ilimi ne ya hana."

"Mushe, ni ban ce ilimi zai zuba ba. Na ce ruwa."

Da sassafe motar dakon ruwa ta iso daga Tawa, aka cika tankin da ke kan hasumiya, aka kora motar bayan tudu. Aka shafa wa duwatsu farar ƙasa, har da kututturen wata matacciyar adua. Sakatare ya tara mutanen gari ya koya musu inda za su yi tafi, ya ce musu inji sabo ne, sai ya saba da rijiyar kwana biyu kafin ya fara ja da kansa. Kapitan ya iso da jelarsa, ya yi jawabi a kan ci-gaba, ya murɗa kan famfo, ruwa ya zubo fari tas. Mata suka yi guɗa, kuma guɗar gaskiya ce, don kwana biyu ke nan suna auna wa 'ya'yansu ruwa da ludayi. Aka ɗauki hoto. Aka maƙala wa Mushe lambar yabo a ƙirji, ya tsaya ƙiƙam kamar wanda ake yi wa aski da wuƙa marar kaifi. Kafin azahar kowa ya shiga mota. Aka bar gardi ɗaya da bindiga, ya tsare dukiyar gwamnati kada jahilai su taɓa.

Ni ma na shiga motar. Ta taga na hango Alƙasum riƙe da igiyar sansa, yana kallon hasumiyar tana ta juyawa.

A Tawa aka shiga wasan takarda. Ba a fasa abin da kapitan ya buɗe da hannunsa sai da izini. Ba a ba da izini sai wani ya rubuta cewa abin ba ya aiki. Wa zai rubuta, bayan hoton yana manne a bangon kowane biro, ga ruwa nan yana zuba kowa yana gani? Mushe ya rubuta wasiƙa uku, amma da irin Faransancin nan mai ladabi da lanƙwasa, wanda in ka karanta sai ka ɗauka godiya yake yi, a ƙarshe ya ɗan ambata cewa akwai ƙananan gyare-gyare. Majo Isufu ya ce shi ma'aikacin lafiya ne, ruwa ba sarwisinsa ba ne. Daraktan nan mai fifita da hula ya ce a kafa kwamiti.

Ni kuwa me na yi? Na zauna a rumfata ina ba direbobin tasha labari. Ina kwaikwayon muryar Mushe, ina kwaikwayon numfashin famfon, ana ta faɗuwa don dariya. Na ba da labarin nan ya fi sau ashirin, kullum yana ƙara daɗi. Sai ran nan wani direba da ke bin hanyar Tebaram ya saurara har na gama, bai yi dariya ba.

"Ashe ku ne," ya ce. "Na ga mutanen Tungar Mumuni bisa hanya, da jakuna da tuluna, za su Tebaram ɗibar ruwa. Tahiyar rabin wuni ce, in sun kai kuma sai masu gari sun gama shayar da nasu. Wasu sun kwashe kaya sun yi kudu."

Daga ranar ban sake ba da labarin ba. Na rufe rumfa na shiga bin biro-biro, ni da ban iya gaisuwarsu ba. Aka ce in dawo gobe, na dawo gobe, aka ce mai sa hannu ya tafi rangadi. Abin da ya cece mu ba ƙoƙarina ba ne. An tura kapitan wani aiki a gabas, hoton ya sauka daga bango, sai sakatare ya gano dabara: ya rubuta mini izinin buɗe ƙaramar ƙofa domin kula da inji. Ba a ce a fasa ba, ba a ce abin ya lalace ba. A satin nan kuma takardar Mushe ta fito, an ɗauke shi zuwa Yamai saboda hazaƙa. Ya biyo ta rumfata yin sallama, ya tsaya a kan mobilet bai kashe ta ba. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

Na isa Tungar Mumuni ranar kwana na ashirin da uku, da guduma da kurfi a buhu. Gardin da ke tsaron ya karɓi takardar da hannu biyu, leɓensa duk ya tsage, ya ce da ma tun jiya na zo. Hasumiyar tana nan tana juyawa. Na hau na ɗaure birkin, na sauko na fara sara. Sai da na bi a hankali, ina tare gutsattsarin da tabarma kada su faɗa ciki, ina yanke rodi ɗaya bayan ɗaya. Tun hantsi nake yi har la'asar, kafin ƙofa ta buɗe wadda guga za ta shiga. Sanyin ruwa ya bugo mini fuska daga ƙasa.

Mutanen da suka rage ba su fi gida takwas ba. Alƙasum ya fito da gwafanni da takarkart, muka kafa su a gefen hasumiya, aka zura igiya, guga ta tafi, can muka ji ta taɓa ruwa. Na waiga ina neman san.

"Baba, ina jan sa?"

"Ya kwanta bisa hanyar Tebaram, kwana sha ɗaya da ruhe rijiya. Mun samu mun yanka shi. Ba wani nama gare shi ba." Ya nuna bayan bukka da haɓa. "Shanu biyu sunka rage."

Ya ɗauki bakin igiyar, ya naɗa tsumma a kafaɗa, ya ɗora ta. Kadidiya ta kama a bayansa, wasu tsofaffi biyu suka kama a bayanta. Na yi wuf zan kama, ya ɗaga mini hannu.

"Kai ka gaji, maƙeri. Tun sahe kake sara. Zamna."

Na zauna a kan simintin. Suka shiga kwarin nan da ƙafar sa ta haƙa, suka sunkuya, suka tafi. Gaba talatin da biyu ba wasa ba ce. Sau biyu suna tsayawa, igiya tana karkarwa, ina jin numfashin Kadidiya daga inda nake. Da guga ta iso baki gardi ya tare ta ya juye a kwami, shanun biyu suka taso suna tangaɗi.

Kafin su kai baki Alƙasum ya tsoma ƙwarya ya cika, ya tako da ita har gabana, kafaɗarsa ta yi ja inda igiya ta ci. Ya miƙo mini da hannu biyu.

"Sha, kai ka buɗe muna ita. Allah shi saka ma da alheri." Da ya ga na kasa karɓa, sai ya ɗauka kunyar aikin ce, ya dafa mini gwiwa. "Kak ka sa ma ranka komi. Kai ba ka da laihi. Wanda yay yi karatu bai gane ba, bale kai da anka ba guduma anka ce buga. Ina za ka sani?"

Kadidiya tana tsaye a bayansa tana gyaɗa kai, tana murza tafin hannunta da ya saɓule.

Na karɓi ƙwaryar. Na ce, "Haka ne, Baba." Na kafa kai na shanye, shi kuma ya koma ya ɗauki igiya, don saura gida bakwai ba su sha ba.